Ma'auni tukuna, na'ura daga baya: kayan koyar da kimiyya da lissafi da ya kamata a fara tanada

Tambaya: Ni malamin kimiyya da lissafi ne a ƙaramar sakandare, ajina ɗalibai 40 ne. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, amma makaranta ta ware ɗan abin da za a sayo kayan koyar da kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi. Wasu sun ce mu sayi kayan haɗa mutum-mutumi, wasu sun ce kwamfuta. Da me zan fara, kuma yaya zan yi amfani da su?

Amsa: Malam, kafin ka leƙa jerin kayan da 'yan kasuwa ke tallatawa, ka buɗe manhajar karatun zangon da ke gabanka, ka ja layi a ƙarƙashin kowane darasi da yaro zai iya auna wani abu a cikinsa da hannunsa: tsawo, nauyi, lokaci, zafi, ƙarfin wuta, kusurwa. Waɗannan darussa su ne za su faɗa maka abin da za ka saya. Makarantu da yawa sukan juya abin, a sayo akwati mai ƙyalli sannan a shiga neman darasin da zai dace da shi, ƙarshe akwatin ya kwana a sito har ƙura ta rufe shi. Duk kayan da ba za ka iya faɗin darasinsa da makon da za a yi shi ba, ka bar shi a kanti.

Lissafin adadi shi ne na biyu. Rukunin ɗalibai huɗu shi ne iyaka. Da sun kai shida, biyu ne ke aiki, huɗu 'yan kallo ne. Aji 40 ke nan rukuni 10, don haka duk abin da za a riƙe a hannu ka tanadi 12, goma na aiki biyu na ko-ta-kwana. Abu mai sauƙi guda 12 ya fi abu mai tsada guda ɗaya da malami zai ɗaga sama a gaban aji yana cewa "kun gani?"

Kayan awo su ne ginshiƙi: rula mai santimita 30, sandar awo ta mita ɗaya, tef ɗin awo, agogon ƙidayar daƙiƙa, ma'aunin kusurwa, ma'aunin zafi, sirinji marar allura mai cin mililita 10 da mai cin 50, kofin awo na roba, sikelin lantarki mai iya nuna giram 0.1, da maltimita, wato mitar da masu gyaran lantarki ke gwada wuta da ita. Sikeli ba sai 12 ba, uku ko huɗu sun isa a riƙa zagayawa da su. Ma'aunin zafi kuwa ka guji mai ruwan makuri, domin in ya fashe tururinsa guba ne kuma kwashe shi aiki ne. Ka ɗauki mai jan ruwa ko na lantarki.

Da kayan sun iso, ka gwada gaskiyarsu kafin su shiga aji. Ka ɗora kofi a sikeli, ka mai da shi sifili, ka zuba ruwa mililita 100. Ya kamata ya nuna giram 100 ko kusa ƙwarai da haka. Ka tsoma duk ma'aunan zafi cikin ruwa mai cike da ƙanƙara da ke narkewa. Ya kamata su tsaya a digiri 0. Wanda ya nuna 2, ka manna masa takarda ka rubuta "cire 2". Kada ka yi hukunci da ruwan tafasa, saboda digiri 100 na wurin da ke daidai da gaɓar teku ne. Duk hawa sama na kimanin mita 300 yana rage wajen digiri ɗaya, sai ka zargi ma'auni alhali lafiyarsa ƙalau.

Gwajin da ya fi kowanne biyan kuɗin sabulu shi ne lilo: zare marar talewa, notin ƙarfe a ƙarshensa, da wurin ratayewa. Ka matse zaren tsakanin 'yan katako biyu maimakon ɗaure shi a ƙusa, don wurin da yake lanƙwasawa ya zama guda ɗaya tak. Tsawon lilo ana auna shi ne daga wannan matsewar zuwa tsakiyar notin, ba zuwa samansa ba. Kafin kowa ya taɓa agogo, ka sa kowane rukuni ya rubuta hasashensa: in an ƙara nauyi, lilon zai ƙara sauri ko zai rage? Yawancin yara za su ce mai nauyi ya fi sauri. Sai su gwada da noti ɗaya, su gwada da uku, su tarar lokacin bai sauya ba. Wannan mamakin shi ne darasin, kuma ba ya samuwa in ka riga ka faɗa musu amsar. Sai dai a lura: in aka jera notocin ƙasa da juna kamar carbi, tsakiyar nauyin ta sauka, tsawon ya ƙaru, lokacin zai ɗan sauya, yara su ɗauka nauyi ne ya jawo. A ɗaure su gefe da gefe.

Lilo mai tsawon santimita 25 yana zuwa ya dawo cikin kimanin daƙiƙa 1.0, mai 50 cikin 1.4, mai mita ɗaya cikin 2.0. Ka ga an ninka tsawo sau huɗu amma lokaci sau biyu kawai ya ninku. A nan ne ɗalibi ke fara ganin amfanin tushen murabba'i da idonsa. Kada a auna zuwa-da-dawowa guda ɗaya. Yatsan mutum yakan makara da kimanin daƙiƙa 0.2 wajen danna agogo, kuma 0.2 cikin 2 kashi 10 cikin ɗari ne. A ƙirga 20 a raba da 20, kuskuren ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Kusurwar sakin kada ta wuce digiri 10, kuma a saki noti, kada a tura shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙirga: yaro ya saki noti ya ce "ɗaya", alhali "sifili" ya kamata ya ce. Ya auna 19 ke nan ya raba da 20. In manyan ɗalibai suna fitar da ƙarfin jan ƙasa daga wannan gwaji, duk rukunin da ya samu kusan 10.9 maimakon 9.8, kusan ko yaushe wannan ne ciwonsa. Ka tambaye su yadda suka fara ƙirga kafin ka duba lissafinsu.

Sifirin da 'yan nauyi masu giram 50 ko 100 suna ba da layi miƙaƙƙe a takardar giraf in an zana nauyin da aka rataya da yadda sifirin ya ƙara tsawo, matuƙar ba a ja shi ya wuce ƙa'ida ba. Ka rubuta iyakar nauyin a jikin akwatin, domin sifirin da aka ja har ya ƙi komawa ya tashi daga aiki. Robar ɗaure kuɗi ba ta maye gurbinsa, layinta lanƙwasa yake yi, ko da yake tana da kyau in kwatanci ake so.

Ɓangaren lantarki ne ya fi cin kaya, kuma a nan ne ake yawan asara. Kowane rukuni yana buƙatar gidan batir mai cin AA guda biyu, wayoyi shida masu bakin kada, ƙananan ƙwayayen fitila masu zare na bolt 2.5 guda uku da mazauninsu, makunni, 'yan ƙwayayen LED, wato ƙananan fitilu marasa zare masu ƙafafu biyu, da rezista, wato abin rage kwararar wuta, masu om 100, 220, 470 da 10,000. Wajen koyar da jerin gwano, wato haɗa fitilu ɗaya bayan ɗaya a hanya guda, da jerin kafaɗa-da-kafaɗa, wato kowace da hanyarta, ƙwai mai zare ya fi LED nesa ba kusa ba: ba ruwansa da wace ƙafa aka juya, kuma haskensa yana raguwa a hankali yadda ido zai gani. LED kuwa ko dai ya kama ko ya ƙi, sai yaro ya rasa ko haɗinsa ne ba daidai ba.

In an zo kan LED, abubuwa uku ke hana shi kamawa. Na farko juya ƙafa: doguwar ƙafar ita ke fuskantar ɓangaren ƙari na batir. Na biyu ƙarancin wuta: ja yana buƙatar kimanin bolt 2, fari da shuɗi kimanin bolt 3, saboda haka batir biyu masu caji, da kowanne ke ba da 1.2 maimakon 1.5, za su kunna ja amma fari ya yi dishi-dishi ko ya ƙi. Na uku ƙonewa saboda rashin rezista. Lissafin mai sauƙi ne, kuma ya kamata ɗalibai su yi shi da kansu: a cire abin da LED ke ci daga ƙarfin batir, a raba da kwararar wutar da ake so. Da batir mai bolt 9 da jan LED, saura 7. A raba da om 470, an samu kimanin miliam 15, lafiya lau tunda iyakar ƙaramin LED wajen miliam 20 ce. Da bolt 3, om 100 ya wadatar. Ban ba da shawarar a dogara da batir mai bolt 9 ba. Cajin da yake ɗauka bai kai sulusin na AA ba, kuma yana ƙona LED cikin ƙiftawar ido in an manta rezista.

Maltimita tana da tarko guda da kusan kowane aji ke faɗawa. Auna ƙarfin wuta ana yi ne ta ɗora bakunan biyu a gefe da gefen abin da ake aunawa. Auna kwararar wuta kuwa sai an yanke hanyar an sa mitar a tsakiya, an kuma mai da jar wayar ramin da aka rubuta mA ko A. In rukuni ya gama auna kwarara ya bar jar wayar a wannan rami, na bayansu suka zo suka ɗora ta kai-tsaye a kan batir, fis ɗin ciki ya ƙone. Alamarsa ita ce mitar tana auna bolt daidai, amma da an sa ta a tsakiyar hanya sai fitila ta mutu, allon ya nuna sifili. Ba lalacewa ta yi ba. Ka buɗe bayanta ka duba lambar fis ɗin tun ranar da aka sayo, ka ajiye kwali guda na irinsa, kuma ka kafa doka: jar waya ta koma ramin V kafin a mai da mita akwati.

Allon haɗi mai ramuka, wanda ake soka ƙafafun kaya a ciki ba tare da dalma ba, shi ma yana ruɗa masu farawa. Ramuka biyar da ke jere a gefe ɗaya na kwarin tsakiya a haɗe suke ta ƙasa, don haka LED da aka soka ƙafafunsa biyu a jere ɗaya ba zai taɓa kamawa ba. A wasu manyan allunan kuma dogayen layukan gefe a yanke suke a tsakiya. Ka sadaukar da allo ɗaya, ka ɓare takardar bayansa, ka zagaya da shi su ga ƙarafan da ke ciki. Gani ya kori ji.

Maganaɗisun lantarki: ƙusa mai santimita 10, siririyar wayar tagulla mai rufin fenti kimanin mita biyu, batir ɗaya, da 'yan maƙalan takarda a ƙirga nawa zai ɗauka da naɗi 25, 50 da 100. In bai ɗauki komai ba, ba a kankare fentin bakin wayar ba ne. A goge da sanfefa har jan ƙarfen ya fito. Kada a riƙe haɗin ya wuce daƙiƙa goma, waya da batir suna zafi. Kuma ƙusar kan riƙe ɗan maganaɗisu bayan an cire wuta, don haka a fara da ƙaramin naɗi a hau zuwa babba.

A ilimin sinadarai ba ka buƙatar kwalaben asid masu ƙarfi a wannan mataki, kuma in babu wurin kullewa da ruwan wanke ido a kusa, gara ma kada su shigo makaranta. Tabaran kariya 42 su ne farkon saye, kafin kowane sinadari. Ruwan khal, wanda asid ɗin cikinsa kimanin kashi 5 cikin ɗari ne, da bekin soda sun isa darussa da dama. A tabbatar soda ce tsantsa, ba hodar tashin fulawa ba, domin ita an riga an gauraya ta da asid da sitaci. Ruwan jan kabeji da aka jiƙa a ruwan zafi na minti goma yana zama ja a asid, shunayya a ruwa zalla, shuɗi zuwa kore a ruwan soda da makamantansa; kwana biyu yake yi ya fara wari, sai a haɗa shi ana gobe darasi.

Ga wani gwaji da ke kunyata malamai da yawa, wato nuna cewa nauyi ba ya ɓacewa in sinadarai sun haɗu. Ana zuba khal mililita 100 a kwalba, soda giram 4 a cikin balan-balan, a ɗaura a bakin kwalbar, a auna, a juye sodar, a sake aunawa. Malam ya ce nauyi ba zai sauya ba, sikeli kuma ya nuna ya ragu da kusan giram ɗaya. Iskar ba ta tsere ba. Giram 4 na soda yana fitar da kimanin giram 2 na iskar kabon dayoksaid, wajen lita ɗaya ke nan, kuma balan-balan da ta kumbura ta ture iskar ɗaki lita ɗaya mai nauyin kimanin giram 1.2, iskar ɗakin kuwa tana ɗaga ta da daidai wannan nauyi, kamar yadda ruwa ke ɗaga kwalekwale. Maganin shi ne mazubin da girmansa ba ya sauyawa: robar lemo mai gas ta mililita 500, khal mililita 50, soda giram ɗaya kacal a naɗe cikin 'yar takarda, a rufe marfi gam sannan a girgiza. Nauyi zai tsaya cak. A kwance marfin a hankali, a ji fitar iska, a sake aunawa a ga ya ragu. Kada a wuce giram ɗaya, kada a yi da kwalbar gilashi ko robar ruwan sha mai laushi.

Madubin ganin ƙananan halittu, maikuroskof, yana da tsada, don haka biyu ko uku masu kyau sun fi goma na wasa. Ka nemi mai gilashin ido na ninki 10 da gilasan ƙasa na 4, 10 da 40, wato iyakarsa ninki 400. Wanda aka rubuta wa ninki 1200 a kwali alhali gilashinsa roba ne, girman hoto kawai yake ƙarawa, babu ƙarin bayani, sai hazo. Fatar cikin albasa, ɗigon ayodin, da siririn gilashin rufi da aka sauke a karkace don kada kumfar iska ta maƙale, sun isa a ga ƙwayoyin halitta. Baƙaƙen zobba masu kauri da yara ke zanawa da murna galibi kumfar iska ce. A fara da ninki mafi ƙanƙanta kullum. Wanda ya fara da 40 yana murza babban maɓalli, gilashi zai fasa. A wuri mai laima kuma a ajiye shi da ƙunshin silika mai tsotse danshi, in ba haka ba fumfuna ta ci gilasan daga ciki. Akwai kuma Foldscope, na takarda da ake naɗewa, wanda Manu Prakash da abokan aikinsa suka ƙirƙira a Jami'ar Stanford; yana ninkawa sau 140, ya dace kowane rukuni ya riƙe nasa, sai dai saita shi yana son haƙuri.

Lissafi shi ne ya fi arhar kaya, shi kuma aka fi mantawa da shi a irin wannan kasafi. Ka yanka kwali dogaye masu santimita 24, domin 24 yana rabuwa daidai: rabi 12, sulusi 8, rubu'i 6, sudusi 4, sumuni 3. Yaron da ya haɗa rabi da sulusi ya rubuta biyu bisa biyar, ba ya buƙatar faɗa. Ka sa ya jera guntun 12 da na 8, ya samu 20, ya ga sudusi biyar ne suka cika wurin. Sannan ya auna biyu bisa biyar na 24, ya tarar 9.6 ne, bai ma kai rabin da ya fara da shi ba. Tsarin fara wa da abin taɓawa, a koma zane, sannan a koma alamomi, yana da tushe a aikin Jerome Bruner na shekarun 1960, kuma Singafo ta gina koyar da lissafinta a kansa. Inda ake kuskure shi ne tsayawa a matakin farko. Kwali yana kan tebur, alƙalami yana hannu; duk abin da aka jera a rubuta shi da lambobi nan take, in ba haka ba an yi wasa ne kawai.

Wajen gano lambar da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, a yi amfani da gwangwanaye da marafai masu faɗin santimita 10 zuwa sama, a zagaye su da siririyar takarda maimakon zare, saboda zare yana talewa. Ƙaramin abu yana ƙara kuskure: milimita ɗaya a kan santimita 2 kashi 5 cikin ɗari ne. Amsoshi za su warwatsu tsakanin 3.0 da 3.3. Kada ka goge na nesa. Ka rubuta duka goman a allo, a fitar da matsakaici, a ga yadda ya matso 3.14.

Ma'aunin kusurwa, bututun shan lemo manne a miƙaƙƙen gefensa, da zare mai noti rataye daga tsakiyarsa, sun zama na'urar auna tsawon gini ko bishiya. In bututun yana kwance zaren yana kan 90, saboda haka kusurwar ɗagawa ita ce 90 a cire abin da zaren ya nuna. Ga ƙananan aji, su ja baya har kusurwar ta zama 45. A nan tsawon abin daidai yake da nisansu daga gindinsa, a ƙara tsawon idon mai kallo daga ƙasa. Wannan ƙarin ne rabin aji ke mantawa. Kuma a gargaɗe su kada a leƙa rana ta bututun.

Injiniyanci a makaranta ba sai da injin ba. Abin da ya raba shi da aikin hannu shi ne sharaɗi da gwaji da sake gyara. Takarda A4 guda ɗaya, mai nauyin kimanin giram 5, tazarar santimita 20 tsakanin tarin littattafai biyu, babu gam babu salatif: wace gada ce za ta ɗauki noti mafi yawa? Shimfiɗaɗɗiyar takarda ko kanta ba ta iya ɗauka. Wadda aka nannaɗe kamar mafici, layukan naɗin suna bin tsawon gadar, ko aka ɗaga gefunanta biyu kamar indararo, tana ɗaukar abin mamaki. Dalilin shi ne tsayin jiki daga sama zuwa ƙasa: katakon da aka ninka kaurinsa sau biyu ta wannan fuska, taurinsa ninkuwa yake sau takwas. Rular roba ta isa shaida, a lanƙwasa ta a kwance, a gwada lanƙwasa ta a tsaye. Dole a ba da zagaye na biyu da sabuwar takarda, bayan kowane rukuni ya rubuta inda gadarsa ta fara karyewa da abin da zai sauya. In babu zagaye na biyu, gasa aka yi.

Yanzu batun kwamfuta. Ko guda ɗaya ce da majigi tana da amfani, kuma mafi kyawun manhajojin kyauta ne. PhET, da Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001, ya kafa a Jami'ar Colorado da ke Boulder a 2002, yana da kwaikwayon gwaje-gwaje na lantarki, motsi, sinadarai da lissafi da ake iya saukewa a yi aiki da su babu intanet. GeoGebra na zanen siffofi ne da giraf. Scratch, daga cibiyar MIT ta Amurka tun 2007, yana koyar da shirya manhaja ta hanyar jera tubala, kuma yana da nau'in da ba ya buƙatar intanet. Manhajar waya phyphox, ta Jami'ar RWTH Aachen a Jamus, tana mai da na'urorin cikin waya ma'aunin motsi, sauti da haske. Kiwix kuwa yana ba da damar ajiye Wikipedia a kwamfuta. Ka sauke komai ka buɗe shi da intanet a kashe tun kafin ranar darasi. Ra'ayina shi ne kwaikwayo ya zo bayan hannu ya taɓa abin gaske: a allon kwamfuta waya ba ta kwancewa, batir ba ya sanyi, yaron da a nan kaɗai ya koya yakan tsaya cirko-cirko ranar da fitilar gaske ta ƙi kamawa. Inda kwaikwayo ya yi fice shi ne abin da ido ba ya gani, kamar tafiyar wuta a cikin waya, ko abin da ba a iya yi a aji, kamar kai lilo duniyar wata.

In akwai ragowar kuɗi kuma akwai kwamfutoci, micro:bit, wani ƙaramin allon lantarki da ake shirya wa manhaja, wanda BBC ta fitar a 2016, ya fi dacewa da wannan mataki. Yana da ƙwayayen haske 25, maɓallai biyu, ma'aunin motsi, kamfas da rediyo duk a jikinsa, don haka darasin farko ba ya buƙatar waya ko ɗaya ban da ta USB. Zafin da yake nunawa na cikin guntun ƙwaƙwalwarsa ne, yakan ɗan saɓa da na ɗaki. Arduino Uno, wani allon irinsa, ya fi dacewa da waɗanda suka riga suka saba da rezista da allon haɗi. Kowace ƙafarsa miliam 20 aka yarda ta bayar, ƙaramin injin lantarki mai juyawa kuwa yana jan ninkin haka sau da yawa, saboda haka duk wanda ya haɗa irin wannan injin kai-tsaye zai iya ƙona ƙafar; sai an sa tiransista da dayod. In kwamfuta ta ƙi ganin allo, ka fara sauya wayar USB, domin wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. In allon Arduino ne wanda ba na asali ba, mai guntun CH340, wataƙila sai an girka masa manhajarsa. Kayan mutum-mutumi su zo a ƙarshe, kuma kafin a biya ka tambaya: in ɓangare ɗaya ya ɓace ana samun madadinsa shi kaɗai? Manhajarsa tana aiki babu intanet? Ana biyan kuɗin shekara-shekara?

Kada ka kashe kasafin duka a rana ɗaya. Ka riƙe kamar kashi ɗaya cikin biyar don abin da ke ƙarewa: batir, fis, ƙwayayen fitila, LED, gilasan rufi, takardar giraf. Kowane gwaji ka yi shi da kanka daga farko zuwa ƙarshe, da ainihin kayan da yara za su riƙe, ka rubuta amsar da ka samu da mintunan da ya ci, ka ninka mintunan sau biyu. A darasin minti 40, biyar na hasashe, ashirin na aiki, goma na kwatanta sakamako a allo, biyar na tattara kaya. Goman nan ne aka fi cinyewa, alhali a cikinsu ne lambobi ke zama ilimi.

Kowane rukuni ya sami akwatin roba mai lamba, jerin abin da ke ciki manne a marfi, da ɗalibi ɗaya da zai ƙirga kafin a tashi. Maganaɗisu su yi nesa da kamfas, in ba haka ba allurar ta juya ta riƙa nuna kudu. Ƙananan batura masu kama da kwabo a kulle su, haɗiye su yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Kafin kowane hutu a cire batir daga sikeli, maltimita da agogo. In an makara har ya yi yoyo ya bar farin gari a kan ƙarafan, a sa safar hannu da tabarau, a goge da auduga mai ɗan ruwan khal, tunda abin da ke fita daga batir alkalin kishiyar asid ne, a bar shi ya bushe sarai, sannan a kankare ƙarfen da sanfefa kafin a sa sabo.